Ma'anar Sunan Ishaku da Inda Ya Samo Asali

'Yar'uwa, Allah ya raya mana jaririn. Kin tambaya ko Ishaku sunan Hausa ne ko na Larabci, da kuma abin da yake nufi. Asalinsa Ibrananci ne, Yitzhak, ma'anarsa "zai yi dariya" ko "yana dariya".

Labarin yana cikin Littafin Farawa, littafi na farko a Baibul. Ibrahim yana gab da shekara 100, matarsa Saratu kuma 90, sai Allah ya yi musu alkawarin ɗa. Ibrahim ya faɗi rubda ciki ya yi dariya (sura 17, aya 17). Daga baya Saratu tana bakin ƙofar alfarwa ta ji baƙi suna maimaita zancen, ta yi dariya a ranta, da aka tambaye ta kuma tsoro ya sa ta musa (18:12-15). Ni dai wannan wurin ya fi taɓa ni: tsohuwa ce da ta gama fid da rai. Da ta haifi ɗan, wato Ishaku, sai ta ce Allah ya sa ta dariya, duk wanda ya ji zai taya ta (21:6).

Alƙur'ani ma ya ambaci dariyar matar Ibrahim a Suratu Hud, aya ta 71, wurin da aka yi mata bushara da Is'haƙ. Ta hanyar Larabci sunan ya shigo mana, shi ya sa za ki ji Isiyaku a gidajen Musulmi, Ishaku kuma ya fi yawa a gidajen Kirista. Ki sa masa hankalinki kwance, musamman tunda kin ce kun daɗe kuna jira.