Me ya sa ake wanke ƙwayoyin halitta da PBS maimakon ruwa zalla?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne da na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kuma na lura kusan komai da PBS ake wanke shi. Me zai hana a yi amfani da tataccen ruwa?

Amsa: Ƙwayar halitta ba ta jure wa ruwa zalla. Idan ka ɗiga jini a tataccen ruwa, ruwan zai yi ta kutsawa cikin jajayen ƙwayoyin har su kumbura su fashe. PBS, wato ruwan gishiri mai fosfet, yana hana hakan, domin yawan gishirinsa ya yi daidai da na ruwan jiki. A kowace lita akwai giram 8 na gishirin sodiyam kulorayid, da giram 0.2 na fotasiyam kulorayid, da gishirin fosfet iri biyu, waɗanda su ne ke riƙe ma'aunin pH (wato ma'aunin ƙarfin asid) a wajen 7.4 ko da ɗan asid ya shiga. Nau'in da masu rainon ƙwayoyi suka fi sani ya samo asali daga aikin masana kimiyya Dulbecco da Vogt na 1954.

Inda za ka fi ganin amfaninsa shi ne lokacin ɓamɓare ƙwayoyin da suka manne a gindin kwalbar raino. Ruwan abincinsu yana ɗauke da siram (ruwan da ke ragewa bayan jini ya daskare), shi kuwa siram yana dakushe ƙarfin tiripsin, sinadarin da ake ɓamɓare ƙwayoyin da shi, saboda haka dole a zuƙe ruwan abincin a ɗauraye da PBS tukuna. A nan ka duba kwalbar PBS ɗin da kyau, ka ɗauki wanda babu kalsiyam da maganisiyam, domin waɗannan biyun suna taimaka wa ƙwayoyi mannewa, kai kuwa rabuwarsu kake nema. A gwajin ELISA kuma, wanda ake gano furotin da shi a cikin samfuri, ana ƙara wa PBS ɗan Tween 20, wani nau'in sabulu mai sauƙi, don wanke abin da bai kama ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne PBS ba abinci ba ne. Babu sukari a cikinsa, babu furotin, don haka kada ka bar ƙwayoyi su daɗe a ciki kana wani aikin. Haka kuma ba ko'ina ya dace ba: fosfet yana haɗuwa da kalsiyam mai yawa ko zink ya yi guda-guda, kuma yana rage aikin sinadarin alkalin fosfates, shi ya sa a gwajin da ya dogara da wannan sinadari ake komawa ga ruwan gishiri mai Tris, wani sinadari da ke riƙe pH a madadin fosfet.