Littafin da ka saya a intanet, naka ne ko aro aka ba ka?

Tambaya: Malam, wayata tana zafi idan ina caji ina kallon bidiyo. (Sadiya)

Amsa: Malama Sadiya, ki yi haƙuri da bidiyon har ta cika, ba guduwa zai yi ba. In zafin bai daina ba, canja caja.

Tambaya: An ce kamfani zai iya goge littafin da na saya a Kindle daga nesa. Da gaske ne? (Bala)

Amsa: Da gaske ne, Malam Bala, an ma taɓa yi. A watan Yulin 2009 Amazon, kamfanin da ke yin na'urar karanta littattafai ta Kindle, ya bi ta intanet ya goge littattafan 1984 da Animal Farm na George Orwell daga na'urorin mutane, saboda wanda ya ɗora su a shagon ba shi da izinin sayarwa. An mayar da kuɗi, Jeff Bezos, shugaban Amazon a lokacin, ya nemi afuwa. Amma wani ɗalibi a Amurka da ke rubuta bayanan aikin makaranta a jikin littafin ya wayi gari bayanansa na nan, shafukan da suke magana a kai babu. Sai da ya kai ƙara kotu. A 2019 kuma Microsoft ya rufe shagon littattafansa, duk wanda aka saya ya daina buɗewa, aka biya mutane kuɗinsu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne a jikin maɓallin "saya" aka rubuta, alhali izinin karatu kawai aka sayar maka. Yana cikin dogayen sharuɗɗan nan da kuke danna "na yarda" ko layi ɗaya ba ku karanta ba. Galibi littafin kulle yake da DRM, wato fasahar hana kwafa, makullin kuma na hannunsu. Abin ya kai jihar Kaliforniya ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2025, cewa dole mai shago ya fito fili ya ce lasisi ne. A Fabrairun shekarar Amazon ya cire hanyar sauke littafi a kwamfuta a tura wa Kindle ta USB. Ta yaya za ka amince da wanda ke rage maka iko bayan ya karɓi kuɗinka?

Ka nemi masu sayar da littafi a fayil ɗin EPUB ko PDF marar DRM, ka sauke, ka jera a Calibre (manhajar jera littattafai a kwamfuta), ka ajiye kwafi a filas. Wanda ba ka so ka rasa ko kaɗan, sayi na takarda.

Tambaya: Hotunana sun cika waya. (Ummi)

Amsa: Ki kwashe su zuwa kwamfuta, ki kuma hana WhatsApp sauke hotuna da kansa.