Bututun birki: ka canza da kanka ko ka kai gareji?

Malam, ka ce bututun birkin Hilux ɗinka ya yi tsatsa yana yoyon mai, kana so ka canza da kanka. Kwance tsohon ba wuya. Wuyar tana wajen buɗa bakin sabon bututun, in bai zauna daidai ba yoyo ba zai tsaya ba. Sai kuma fitar da iska taya bayan taya, mutum ɗaya na taka birki, ɗaya na sassauta noti. Na taɓa barin iska a ciki, na taka birki a gangare ya nutse har ƙasa, Allah ne ya kiyaye. Kai wa bakanike, amma ka sayo man birki samfurin DOT 3 ko DOT 4 da hannunka, wanda aka rubuta a murfin mazubin man birkin motarka.