Ruwan masana'anta ya ƙona mana lambu: wa za mu kai ƙara?

Tambaya: Barista, shekara 14 ina noman rani a gefen rafin Jakara a Kano. Bana ruwa mai wari da launi ya gangaro daga Bompai, unguwar masana'antu, latas da kabejina suka ƙone. Ba ni da takardar fili, gado na yi. Ina da hakki?

Amsa: Malam, Allah Ya mayar da alheri. Kana da hakki, rashin takarda bai kashe shi ba. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta yarda wanda ke riƙe da fili a bakin rafi, ko ta hanyar gargajiya ce, ya ɗebi ruwa kyauta ya yi ban ruwa. Mai unguwa da maƙwabtan gona sun isa shaidar gadonka.

Inda gizo ke saƙar shi ne hujja. Rafin Getsi yana kwaso ruwan masana'antu da yawa na Bompai kafin ya haɗu da Jakara, ga kuma kwatamin cikin gari. Lauyan kamfani zai ce ba nasu ba ne, ko ya ce ka san ruwan ƙazanta ne ka shayar da lambunka da shi. Don haka kafin damina ta wanke wurin, a ɗebi ruwa a bakin bututunsu da kuma cikin gonarka, a gaban shaidu, a kai ɗakin gwaji. Idan aka samu kuromiyom, sinadarin jimar fata, zargi zai fi karkata ga masana'antun fata. Ka ɗauki hotuna, ka adana rasit na iri da taki da man injin.

Sai ka rubuta koke ga NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, da Ma'aikatar Muhalli ta jiha. Ƙa'idojin muhalli na 2009 sun wajabta wa masana'antun fata tace ruwansu kafin su sake shi. Amma ka sani, tarar da za a ci su ba aljihunka za ta shiga ba. Diyya sai a Babbar Kotu, kuma sai ka nuna asarar da ta same ka kai kanka.

Ni dai ba na son ka tafi kai kaɗai. Ku haɗu da sauran manoman, kuɗin gwaji da na lauya ya yi sauƙi. Kuma in an kira ku sulhu aka miƙo 'yan kuɗi da takarda, kada ka sa hannu sai lauya ya karanta maka. Sau da yawa a cikinta ake rubuta cewa ka yafe ƙara har abada.