Makarantar Suwizalan da ke Rum: shin mu kai yaranmu?

Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta rubuto mini. Maigidanta ya samu aiki a hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Rum, sun tare can da yara biyu, namiji ɗan shekara 11 da ya yi karatunsa da Faransanci a Yamai, da mace 'yar shekara 4. Maƙwabta sun yaba musu makarantar Suwizalan, wai yaro na fita da harsuna huɗu. Tana tambaya: gaskiya ne? Kuma takardar makarantar za ta buɗe wa yaran ƙofar zama a Suwizalan?

Ƙanwata, barka da sauka lafiya. Zancen harsuna huɗu gaskiya ne, amma bari in gaya miki asalin makarantar tukuna, domin a nan amsarki take.

Kin san yadda fatakenmu suka yi a Kumasi da Salaga: duk inda aka kafa zango, kafin a gama katanga an samo malam da alluna. Haka 'yan Suwizalan suka yi a Italiya tun ƙarni na 19. 'Yan kasuwarsu da masu masaƙun auduga sun sauka a garuruwa irin su Milan da Bergamo, akasarinsu ba 'yan Katolika ba ne, suka ƙi yarda 'ya'yansu su tashi ba harshen gida, sai suka haɗa kuɗi suka ɗauko malamai. Ta Rum ƙanwa ce a cikinsu, a 1946 aka buɗe ta, bayan yaƙin duniya na biyu. Har yau makarantun nan masu zaman kansu ne, ƙungiya ke tafiyar da kowace, gwamnatin tarayyar Suwizalan tana ba da tallafi, sannan kowace tana da jiha guda daga cikin jihohin ƙasar 26 da ke sa ido a kan karatunta da jarrabawarta. Ta Rum jihar St. Gallen ce ke kula da ita. A da doka ta tilasta a samu wani kaso na yaran Suwizalan a kowace makaranta, dokar da aka yi a 2014 ta cire wannan sharaɗi. Saboda haka ba za a kalli yaranki a matsayin bare ba. Yawancin ɗaliban ma ba 'yan Suwizalan ba ne.

To, St. Gallen yankin masu Jamusanci ne, kuma Jamusanci shi ne ƙashin bayan makarantar. Da shi ake koyar da yawancin darussa, Italiyanci na tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, Turanci da Faransanci su shigo daga baya. Mutane da yawa daga Nijar suna jin sunan ƙasar sai su tuna Janeba, su ɗauka Faransanci za su tarar. Masu Faransanci ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Suwizalan ba, masu Jamusanci sun haura rabi.

Shi ya sa amsata ta rabu biyu.

'Yar autarki, idan kuna da halin kuɗin, ina ganin alheri a kai ta. A shekara 4 harshe yana shiga ne ta wasa da waƙa da faɗa a kan abin lilo. Cikin shekara guda za ki ji tana yi wa 'yar tsanarta faɗa da Jamusanci. Yayanta kuwa ina jin tsoro a kansa. Yaro ɗan 11 da ke kan gaba a ajinsu na Yamai zai wayi gari ba ya gane tambayar lissafin da ya fi kowa iyawa, ga Italiyanci ma sabo ne a kunnensa. Na taɓa zama da wani ɗan ƙanena da aka yi wa irin wannan sauyi. Yaro mai surutu ya koma shiru, da daddare ya baje littafi a kan tabarma yana bin layi da yatsa, uwarsa na tsaye da ludayi a hannu, ba ta da abin da za ta taimaka masa da shi. Ya farfaɗo daga baya, amma sai da ya maimaita aji. Kafin ku yanke shawara, ku je makarantar da kanku, ku tambaya ko suna karɓar ɗan shekarunsa da ba ya jin Jamusanci, da irin darasin ƙari da za su ba shi, su ba ku amsa a rubuce. In amsar ba ta kwanta miki ba, akwai makarantar Faransa mai suna Chateaubriand a nan Rum, zai ɗora daga inda ya tsaya. Raba yara makarantu biyu wahala ce da safe, na sani, amma ta fi wahalar da na gani a kan tabarmar nan sauƙi.

Ki kuma tambayi maigida shekara nawa yake sa ran yi a Rum. Aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ba ya barin mutum wuri ɗaya. Makarantun Suwizalan na waje ba su kai ashirin ba, yawancinsu a Italiya da Sifen da Kudancin Amurka da Asiya. In aka mayar da ku Dakar ko Accra, makarantar Faransa tana nan tana jira. A Nairobi da Addis Ababa akwai ta Jamus, inda ƙaramar za ta iya ci gaba. Ya kuma bincika a ofishin ma'aikata nawa ne tallafin karatun yara zai ɗauka, domin ba duka yake biya ba.

Batun takardu kuma, kada kowa ya ruɗe ki. Wanda ya gama ya ci jarrabawar ƙarshe, wadda suke kira Matura, yana da hanyar shiga jami'o'in Suwizalan, har da babbar jami'ar fasaha ta Zurich. Wannan babban abu ne. Amma gurbin karatu daban, izinin zama daban. Ɗan Nijar zai nemi izinin ɗalibi kamar kowa, ya nuna kuɗin da zai riƙe kansa, kuma shekarun da ya yi a aji a Rum ba a lissafa su a matsayin zama a Suwizalan. Izinin zamanku na yanzu ma a kan aikin maigida yake rataye, ki riƙa tuna haka.

Akwai harshe na biyar da ba ki ambata ba, shi ne ya fi damuna. Babu awar Hausa a jadawalin kowace makaranta a Rum. Idan kin saki, nan da shekara uku za ki miƙa wa yarinyar waya ta gaida kakarta, ta ce "lafiya lau" sau biyu ta maido miki. Kada ki koma yi musu Faransanci a gida da sunan taimako; malaman irin waɗannan makarantu da kansu sukan ce kowane mahaifi ya riƙe harshensa. Ki aike su da Hausa, ki yi musu faɗa da Hausa, ki yi tatsuniya da dare, ranar Juma'a kuma a kira Damagaram a bar su da Inna su daɗe. In sun amsa da Italiyanci, ki maimaita maganar da Hausa ki ci gaba da aikinki, ba tare da tsawa ba.

Ki rubuto mini abin da makarantar ta ce game da yaron. A gaida maigida.