Ƙarfen matakalar bene ya fara girgiɗi? Ga amsoshinku

Salamu alaikum jama'a. Satin nan kamar haɗa baki aka yi, kusan duk saƙonnin akan ƙarfen dafawa na matakalar bene ne, to mu tafi kai tsaye.

Wani bawan Allah daga Kaduna yace nasa yana girgiɗi daga gindi, wai ko zai iya ɗaure shi da waya kafin albashi ya shigo.

Haba malam, akuya ce da za ka ɗaure? Abin da tsohuwa za ta jingina duk nauyinta a kai kake maganar waya. Durƙusa ka duba gindin. In noti ne ya saki, sifana kawai zai maka aiki. In simintin wajen ne ya fashe to sai magini ya sassaƙe ya sake zubawa, kuma a hana yara taɓawa na 'yan kwanaki har ya kama. In kuwa tsatsa ce ta cinye shi, wanda shi ya fi yawa saboda ruwan goge ƙasa a nan yake kwanciya, sai an yanke ruɓaɓɓen an jona sabo. Kana Kaduna ga Panteka nan, masu walda ba su ƙare ba.

Wata uwa daga Zariya tace sanda ɗaya ta cire, ɗanta ɗan shekara biyu kullum sai ya cusa kai ta wajen, har baccin kirki ba ta yi, maigida kuma sai ce mata yake gobe.

Hajiya ki kwantar da hankalinki, kuma kin yi daidai da kika damu, Allah ya raya mana shi. Yau ɗin nan ki sa a samo falankin katako a toshe wajen sosai kafin mai walda ya zo. In ya zo ki tsaya a kansa da tef, tsakanin sanda da sanda kar ya wuce santimita 10, tsayin ƙarfen kuma wajen santimita 90. Kar ki bari ya cike gurbin da sanduna a kwance don ado, tsani kika yi wa yaro kenan. Shi kuma maigida ki nuna masa wannan amsar.

Sai wanda yace ya sa na silba mai sheƙi, wato ƙarfen nan da ake ce wa stainless, an ce masa ba ya tsatsa har abada, damina ɗaya ta wuce ga jajayen ɗigo ko'ina.

To nan fa za ku yi haƙuri da ni. Wallahi abin nan yana ci min rai, mutum ya kashe miliyoyi ya yi bene, ya sa tayil ɗan waje, amma da an zo kan abin da zai tare ɗansa daga faɗowa sai ya ce a kawo mai araha. Shi silban nan kala kala ne, akwai mai lamba 304 akwai 201, a ido duk ɗaya suke, sai dai 201 sinadarin nikel ɗinsa kaɗan ne shi ya sa ya fi araha kuma ya fi saurin tabo in yana shan ruwa. Wani zai manna maganaɗisu ya ce kalli bai kama ba, orijina ne. Kar ka yarda, su biyun duka ba su cika kama maganaɗisu ba, gwajin bai raba su. Ga kuma kauri, wani bututun kamar gwangwanin madara, ka danna da babban yatsa ka ji yana lotsawa, mai walda na ɗora wuta ya huje sai ya cike ramin ya goge ya ba ka. Ni dai shawarata kar ka ba mai aiki kuɗi ya sayo shi kaɗai, ku shiga kasuwar Kofar Ruwa ta Kano tare ko kasuwar garinku, ka ɗaga bututun ka ji nauyinsa, a rubuta maka lamba da kauri a rasit. Kuma ku ma masu gida kuna da laifi, ana wanke shi da ruwan bilic da soson ƙarfe, su biyun nan ko mai kyaun ne sai sun ɓata shi. Naka dai ka gwada tsumma da ruwan sabulu da man goge ƙarfe, in ɗigon a sama yake zai fita, in ya riga ya yi rami a wajen jonin to canji ne.

Mai tambaya akan na katako da gari ke zubowa daga ciki, ƙwaro ne ya gama da shi, fenti ba zai dawo da shi ba. Kira kafinta ya cire guntun, a shafa wa sauran maganin gara.

Af, na manta, mutumin Kaduna, ranar walda ka sa a rufe tayil da tsohon kwanon rufi, tartsatsin wuta in ya ɗiga a kai tabon ba ya fita.