Na Bar Kafafen Sada Zumunta, Yanzu Dangi Na Cewa Na Guje Su

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makarantar firamare ce a Katsina, ina da aure da 'ya'ya. Tun bayan azumin bara na rufe shafina na Facebook, na kuma goge TikTok da WhatsApp daga wayata, saboda suna cinye mini lokaci, ga gulma da gasar nuna sutura da ba sa ƙarewa a zauren danginmu na WhatsApp. Hankalina ya kwanta ƙwarai. Sai dai kwanakin baya mijin gwaggona ya rasu a Funtuwa, aka sanar a zauren dangi, ni kuwa ban ji ba sai bayan sadakar uku. Yanzu gwaggo tana fushi da ni, yayyena kuma suna cewa girman kai ne ya sa na ware kaina. Shin na yi kuskure ne, ko dai in koma?

Wata mai karatu daga Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya jiƙan mamacin, Ya ba gwaggonki da ku baki ɗaya haƙurin rashi.

Kafin maganar waya, akwai maganar gwaggo, kuma ita ce ba ta jira. Idan har yanzu ba ki je Funtuwa ba, ki nemi izinin maigidanki ki shirya ki tafi a ƙarshen makon nan, ki riƙa mata abin da ya sawwaƙa, ki wuni a ɗakinta. Mace mai takaba wata huɗu da kwana goma take yi a gida, kuma bayan an watse daga zaman makoki ne kaɗaici yake kama ta, don haka zuwanki yanzu yana da daraja. Kada ki tsaya yi mata bayanin abin da ya sa kika goge WhatsApp, domin ita abin da ta sani shi ne ta duba cikin masu gaisuwa ba ta ga 'yar ɗan'uwanta ba. Ki ba ta haƙuri, ki ce labarin bai iso ki da wuri ba, ki bar maganar a nan.

Game da tambayarki kuwa, ban ga kuskure a shawarar da kika yanke ba. Kamfanonin Facebook da TikTok da kuɗin talla suke rayuwa, saboda haka an tsara manhajojinsu ne yadda mutum zai daɗe yana kallo, bidiyo na ƙarewa wani na hawa, har matar da ta ɗauki waya don duba abu guda ta ɗago kai ta tarar la'asar ta yi. Ga kuma ƙarya da take gudu a cikinsu ba birki. Da yawa daga cikinmu ba mu manta da watan Agustan 2014 ba, lokacin cutar Ebola, da jita-jitar sha da wanka da ruwan gishiri ta karaɗe Najeriya cikin dare ɗaya ta wayoyi da waɗannan kafafe, har aka yi asarar rayuka. Wanda ya ce ya gaji da wannan hayaniya yana da hujja, kuma bai kamata a kira shi mai girman kai ba.

Amma akwai abin da ya sauya a zamantakewarmu wanda ya kamata ki lura da shi. Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, idan aka yi rasuwa, nauyin isar da labari a kan gidan mamacin yake. Liman zai sanar a masallaci bayan sallar asuba, a tashi yaro a kan keke ya zaga gidajen dangi, a ba direban tasha saƙo zuwa wani gari, masu hali kuma su kai sanarwa gidan rediyo. Idan aure ne ko suna, mata su bi gida-gida da goro da alawa. Wanda ba a sanar da shi ba, shi ne ma yake da damar yin fushi. Yau kuwa wani matashi a gidan ne zai rubuta "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un", ya ɗora hoton mamacin, ya ce jana'iza bayan sallar azahar, ya tura zauren dangi, kowa ya ɗauka an gama sanarwa. Tun da mu ba ma jinkirta binne mamaci, awa biyu ko uku kawai ake da su, kuma a cikin wannan ruɗani babu wanda zai zauna yana lissafin wa yake cikin zaure, wa ba ya ciki. Ba da gangan aka tsallake ki ba.

Abin da ya faru a Zamfara a watan Satumban 2021 ya nuna bambancin. Da hukumomi suka katse sabis ɗin waya a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, jama'a sun sha wahala, amma sai suka koma ba direbobi wasiƙa da saƙon baki, domin kowa ya san ɗan'uwansa ma ba shi da sabis. Ke kuwa ke kaɗai kika fita, sauran suna nan a ciki, saboda haka babu wanda zai sauya al'adarsa dominki sai idan ke kika nema. Nauyin da a da yake kan mai sanarwa ya dawo kanki, kuma a ganina wannan shi ne ainihin farashin kwanciyar hankalin da kika samu. Farashi ne da za a iya biya, matuƙar mutum ya yarda cewa akwai shi.

Hanyar biyansa ita ce ki zaɓi mutum ɗaya a cikin yayyenki, wanda kuka fi shaƙuwa, ki roƙe shi cewa duk lokacin da aka sanar da rasuwa, ko haihuwa, ko rashin lafiya, ya kira ki, ko da filashin ne ke ki bi kiran. Ki tuna cewa kiran waya kati yake ci, saƙon zaure kuwa kusan kyauta ne ga mai data, don haka ki riƙa tura masa ɗan kati lokaci-lokaci. Sannan ki ware rana guda a mako, misali yammacin Juma'a, ki kira manyan dangi da kanki ki gaishe su. A nan za ki gane cewa ba ke kaɗai ba ce a wajen zauren: akwai tsofaffi masu ƙaramar waya da waɗanda ba sa karatun boko, su ma labari yana wuce su, kuma muryarki ta fi musu daɗi a kan addu'ar da aka kwafo aka watsa wa mutum hamsin. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, don haka inda ƙafa za ta iya kaiwa, ki kai ta.

Idan kuma kika ga wannan tsari bai wadatar ba, babu abin kunya a mayar da WhatsApp shi kaɗai. Ni ban sa shi a layi ɗaya da Facebook da TikTok ba, domin saƙon da yake kawowa na mutanen da suke da lambarki ne, kuma ana iya ɗaure shi. Za ki iya kashe ƙarar kowane zaure, ki hana a saka ki a sabon zaure ba da izininki ba, ki ɓoye alamar da take nuna kin karanta saƙo (sai dai a cikin zaure ba ta ɓoyuwa), ki kuma daina leƙa hotunan da mutane suke ɗorawa a sitatus, waɗanda su ne filin gasar suturar da kika ambata. Tun 2022 ma mutum yana iya fita daga zaure ba tare da an shelanta wa kowa ba, sai masu kula da zauren kaɗai ake sanarwa. Za ki ma iya ba yayyenki shawarar a buɗe zaure na daban wanda ba a tura komai a cikinsa sai sanarwar rasuwa, haihuwa, aure da rashin lafiya.

Ki duba batun wurin aikinki ma tun kafin ya zama matsala, domin makarantu da yawa yanzu ta zauren malamai suke sanar da taro da sauyin jadawali. Ki samu shugaban makarantarku ki sanar da shi cewa ba kya kan WhatsApp, ki roƙi a riƙa turo miki saƙon tes, ko ki haɗa kai da wata abokiyar aiki da za ta riƙa sanar da ke duk abin da aka rubuta.